Idan Inna ta miƙo wayar, aiki bai ƙare ba

'Yan'uwa matasa, mu tuna farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya. Daga Unguwar Ya har kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram, mun ga iyayenmu mata da kuɗi a asusu, amma mudun gero ya gagare su sai sun miƙa wa wani yaro waya, sun raɗa masa lambar sirri. Wasu suka ce rashin ilimi ne. Mu kuwa muna ganin laifin masu tsara manhajar ne.

Ai Innar nan ita ce ke aika saƙon murya ta WhatsApp ba tare da an koya mata ba: ta danna, ta yi magana, ta saki. Tun 2013 aka sa wannan hanya. Amma tura kuɗi sai an bi jerin umarni da Turanci, kuma kafin ta nemo mai karanta mata, layin ya yanke.

An samu ci gaba. Google Translate ya karɓi Hausa a 2013, Facebook a 2016. Sai dai rubutun Hausa ma rubutu ne ga wadda ba ta shiga aji ba. Waɗanda suka zana shanu a Dutsen Habude na Birnin Kudu sun bar mana saƙo tun kafin boko, har yau muna ganewa. Hoto da murya sun girmi harafi.

Don haka muna roƙon abu uku. Manhaja ta faɗi sunan mai karɓa da adadin kuɗi da murya kafin a tura. A bar hanyar komawa baya idan an yi kuskure. Ta kuma yi aiki a ƙaramar waya, inda sabis ba shi da ƙarfi. Za a ce murya tana cin data. Gaskiya ne, amma asarar kuɗin gyaɗar shekara ta fi ciwo.

Ku da kuke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku kawo aikinku gida, ku ba Inna ta gwada, ku yi shiru. Idan ta miƙo muku wayar, ku koma ku gyara. Mu ma a zumunta, mu riƙa haɗa sanarwa da saƙon murya.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.