Kicin ɗin Uwargida: Ragowar lemon inabi mai gas

Uwargida, an tashi daga walima, ga lemon inabi mai gas ya rage rabin kwalba. Kada ki zubar, kuɗi ne.

Sanyi ke riƙe gas. Ki toshe bakin kwalbar sosai, ki tsayar da ita a firij, in babu wuta cikin kula mai ƙanƙara. Banda firiza, kwalbar na iya fashewa. A shanye cikin kwana 2.

In gas ɗin ya fita, ki juye a zoɓo ki rage sukari, ko ki ƙulla wa yara ƙanƙara.

Wajen saye ki duba an rubuta 0.0%, don kwalbarsa na kama da ta giya.

Ke yaya kike yi da naki?