Wasiƙa ga Masu Wa'azin Bishara na Talata Mafara, Bakura da Maradun

'Yan'uwana fastoci da masu bishara,

Roƙona ɗaya ne: idan kun hau bagade za ku yi wa'azi a kan alkawarin Allah, kada ku sa wa Allah a baki abin da bai faɗa ba.

Kun fi ni sanin waɗanda ke zaune a gabanku ranar Lahadi. A 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai mata a Jangebe, an shiga kwalejin noma ta Bakura, an sace 'yan makaranta a Kaya. An sha yin sulhu da 'yan bindiga yana wargajewa, kuma dattawa ba su manta da rikicin diyyar gonaki na Bakolori a 1980 ba. Mutanen da aka saɓa wa alkawari haka, kunnensu na da kaifi. In ka ce wa uwa ɗanta zai dawo kafin ƙarshen wata muddin ta yi baiko, watan ya wuce shiru, ba kai kaɗai za ta daina yarda da kai ba. Har Allah za ta soma tuhuma.

Ku sake karanta Irmiya sura 28 da 29. Hananiya ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu bautar Babila za ta ƙare. Magana ce mai daɗi, amma Allah bai aiko shi ba. Irmiya kuwa ya rubuta wa 'yan bauta cewa shekara 70 ce, su gina gidaje, su yi shuka, su yi wa garin da suke ciki addu'a. Tasa ce ta tabbata. Kuma shi ɗin ne, a sura 32, ya auna azurfa ya sayi gona a Anatot alhali sojoji sun kewaye Urushalima, ya sa aka adana takardar cinikin cikin tukunya. Manomin da aka hana shi shiga gonarsa zai gane wannan labari tun kafin ku yi masa bayani.

Ku nuna wa jama'a inda ƙarfin alkawarin yake. A Farawa 15, da Ibrahim ya tsaga dabbobi, barci mai nauyi ya ɗauke shi, alamar Allah ce kaɗai ta ratsa tsakaninsu. Allah ya ɗora wa kansa nauyin cikawa. Duk da haka Ibrahim ya jira daga shekara 75 har 100 kafin a haifi Ishaku, kuma Ibraniyawa 11 ta ambaci masu bangaskiya da suka mutu ba su ga cikar abin da aka alkawarta musu ba. Abin da Allah ya tabbatar mana ta jinin Almasihu shi ne gafarar zunubi, kasancewarsa tare da mu cikin wahala, da tashi daga matattu. Waɗannan ku faɗe su da ƙarfi, musamman a Jibin Ubangiji da bakin kabari.

Kada ku hana mai kuka kukansa. Zabura 89 ta yabi alkawarin da aka yi wa Dauda, sannan ta juya tana tambayar Allah ina ƙaunarsa ta dā. Ku koya wa matan zumunta da matasa irin wannan addu'a.

Ku tuna kuma alkawarin Nuhu da dukan masu rai aka yi shi. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka fi yawa cikin waɗanda ake kashewa da sacewa. Ku je ta'aziyya, ku sa su cikin addu'a.

A ƙarshe, alkawari kaya ne. In kun ce za ku ziyarci gwauruwa, ku je. In an tara gudummawar 'yan gudun hijira, ku karanta lissafin a gaban ikilisiya. Da wuya mutum ya gaskata amincin Allah daga bakin wanda ba ya cika nasa.

Allah ya tsare ku, ya ƙara muku ƙarfin aiki.

Naku cikin Almasihu,
ɗan'uwanku a aikin bishara