A kwafi tsofaffin hotunan gida tun masu gane fuskokin suna raye

Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, an ƙirga rayuka da gidaje da dukiya. Akwai asarar da ba ta shiga lissafi ba: hotunan aure, na suna, na dawowa daga Makka, waɗanda ke cikin adaka a ƙarƙashin gado. Ana iya sayen sabuwar katifa, amma hoton kakan da ya rasu, in kwafi ɗaya ne, ya tafi ke nan.

Ba ma sai ambaliya ta zo ba. Gara na ci, danshin damina na manne hoto da ledar albam, hotuna masu launi na shekarun 1980 kuwa da yawa sun koɗe sun yi ja.

Wayar da ke hannu ta isa ta ceto su. A share ƙura da ƙyalle mai laushi, a shimfiɗa hoton kusa da taga da rana, a kashe fitilar kyamara. Manhajar PhotoScan ta Google kyauta ce, tana ɗaukar hoton daga kusurwa huɗu ta haɗe su don kawar da ƙyalli. Wanda ya manne da leda kada a ɓare shi, a ɗauke shi a haka. A juya bayansa ma a ɗauka, domin sau da yawa nan ne hatimin mai hoto da kwanan wata suke.

Tura hoto zauren WhatsApp na dangi ba ajiya ba ce. Manhajar na rage ingancinsa, sai fa an tura shi a matsayin fayil, waya kuma ana sacewa. A ajiye kwafi a wuri biyu. Manhajojin da ke "gyara" tsohuwar fuska kuwa ƙirƙirar ta suke yi, har a ga Malam da hancin da ba nasa ba. A riƙe na asali.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sunaye. Waya ba ta san wace ce a tsaye bayan amarya ba, Goggo ce ta sani, kuma shekarunta sun ja. A zauna da ita hoto bayan hoto, a naɗi muryarta tana faɗin suna da gari da dangantaka. A nan ne za a ji wanda ta yarda a sa a Facebook da wanda ba ta son ya wuce ɗakinta.