A Kawo Mana Ajin Yaƙi Da Jahilci Cikin Kara

Jama'a, har yaushe falke mai shanu hamsin zai riƙa miƙa wa ɗan kamasho takardar duwan ya karanta masa? Tsakanin Maraɗi da Jibiya, wata takarda da Faransanci, wata da Ingilishi. Ga mu dala muke ƙirgawa, su kuwa tamma suke rubutawa: 5.000 a takarda, dala dubu ce a bakinmu. To, nan ake cin mu.

Ni na taɓa shiga aji. Ranar kasuwa ake zamansa, littafin kuma zancen noman gyaɗa, sai na bari.

A ganina ƙungiya ta ɗauko malami, mu biya shi daga kuɗin la'ada. Daren jajibirin kasuwa, cikin kara, ya karantar da mu da tsofaffin takardunmu na duwan da na likitan dabbobi.