Mai Son Sayar da Intanet Ya Fara Duba Hanyar Ikko

Jama'a, samari da dama suna ɗokin kafa ɗan kamfanin sayar da intanet a unguwanninsu. Sana'a ce ta kirki, amma kafa eriya a bisa hasumiya shi ne mafi sauƙin aikinta.

Da fari sai an sami lasisi daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC. Bayan nan ne wuyar take. Manyan wayoyin da ke kawo intanet ta ƙarƙashin teku, irin su MainOne ta 2010 da Equiano ta 2022, a Ikko suka sauka. Wanda zai sari intanet a Kano sai ya biya kuɗin jawo shi wajen kilomita 1,000. Cikin tsadar har da harajin binne waya, wanda gwamnoni suka amince a 2020 ya tsaya a Naira 145 kowace mita, ko da yake ba duka suka cika alkawari ba.

Kada kuma a dogara da dila ɗaya. A watan Maris na 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a lokaci guda, harkoki suka tsaya cik. Wanda ya biya kuɗin wata ba ruwansa da teku, ƙofarka zai ƙwanƙwasa.