Da Wane Mudu Ake Auna Ci Gaban Kasuwanci?

Duk wanda ya je kasuwar Shuwarin ranar Litinin, ko ta Gujungu ranar Lahadi, zai ga cewa awo shi ne ginshiƙin ciniki. Gero da dawa da riɗi ana auna su da mudu ko tiya, kuma ba mai biyan kuɗi sai ya ga mudu ya cika. Abin mamaki shi ne, ɗan kasuwar da ba ya yarda a tauye masa ko da ɗan hannu na hatsi, sau da yawa ba shi da mudun da yake auna kasuwancin kansa. In an tambaye shi yadda shekara ta kasance, sai ya ce, an gode Allah, an yi ciniki. Alhali kuwa yawan ciniki daban, riba daban.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, shaguna da kamfanoni da ƙungiyoyin gama-kai na manoma da na ma'aikata suka yi ta ƙaruwa. Irin waɗannan ƙungiyoyi dukiyar mutane da yawa suke juyawa, don haka bai kamata a bar sanin halin da suke ciki ga zato ko ga daɗin bakin shugaba ba.

Kuskure na farko shi ne auna nasara da yawan Naira kawai. A ɗauka wata ƙungiya ta fara shekara da jarin Naira miliyan 5, ta sayi buhu 100 na gero a kan Naira 50,000 kowane buhu. Shekara ta zagayo, aka tarar da miliyan 6 a asusu, aka yi murna an ci ribar miliyan guda. To amma idan buhu ya koma Naira 75,000, kuɗin nan buhu 80 kaɗai za su saya. Ashe ƙungiyar asarar buhu 20 ta yi, kuma idan aka raba wannan miliyan a matsayin riba, uwar kuɗi aka ci. Wannan misali bai yi nisa da zahiri ba, domin bayan janye tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Saboda haka wajibi ne a riƙa auna jari da yawan hajar da zai iya saya.

Kuskure na biyu shi ne dogara da ma'auni guda. Idan aka gaya wa yaron shago cewa yawan abin da ya sayar kaɗai za a duba, zai yi ta bayar da kaya bashi, ko ya shiga yin algus, ciniki ya yi sama yau, masu saye su watse gobe. Ganin irin wannan ne ya sa a 1992 wasu masana biyu a Amurka, Robert Kaplan da David Norton, suka kawo shawarar a riƙa duban kamfani ta fuska huɗu: kuɗi, da masu saye, da yadda aiki ke gudana a ciki, da kuma ƙaruwar sanin ma'aikata. Ƙungiyar masu dabino a Dutse ma za ta iya yi wa kanta tambayoyin nan. Nawa ya rage bayan an cire kuɗin mota da dako da la'ada? Masu saye nawa suka dawo? Buhu nawa ya lalace a ajiya? Wane ne ya koyi riƙe littafi bana? Amsoshin tambayoyi ukun ƙarshe su ke nuna ribar baɗi, don kuwa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai masu cewa wannan duk aikin 'yan boko ne, arziki na Allah ne, yawan ƙidaya ma yana kore albarka. Wannan magana ba ta da madogara. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Haka kuma malaman Malikiyya sun karantar da cewa ɗan kasuwa mai jujjuya haja zai ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran a biya shi, sannan ya fitar da zakkar kashi ɗaya cikin 40. Wanda bai san abin da ya mallaka ba, ta yaya zai fitar da hakkin Allah daidai? Rashin boko ma ba uzuri ba ne, tunda ajami yana riƙe lissafi kamar yadda boko ke riƙewa.

A nan ne malamin makaranta yake da rawar takawa. A ƙauyuka da dama shi ake naɗawa magatakardan ƙungiya ko ma'ajin adashe, domin shi ne mai alƙalami. Ya kamata ya dage a buɗe littafin shiga da fita, a ware bashi mai dawowa da wanda ya mutu, a karanta wa membobi rahoto da Hausa a ƙarshen kowace shekara. A aji kuma, darasin rubuta rahoto zai fi armashi idan aka tura ɗalibai su bi farashin tiyar gero na makonni huɗu, su rubuta abin da suka gani. Yaron da ya saba da wannan tun yana ƙarami, in ya girma ba za a ruɗe shi da cikar kasuwa ba, zai nemi a nuna masa abin da ya rage a asusu. Bahaushe dai ya ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.