Kara da Kwali Sun Ishe Mu Adon Teburin Kallon Ƙwallo

A zaman da mu 'yan ajin ƙarshe muka yi kan walimar bankwana, an tsayar da cewa za a haɗa ta da daren kallon wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai. Wannan kam kowa ya yi na'am. Wajen ado ne aka rabu. Wasu sun kawo shawarar a ɗauko mai kwalliyar wurin biki daga cikin Kano, ta zo da balan-balan da kyallaye da tutocin roba, a ɗora wa kowane teburi nasa, sannan a raba kuɗin a kan kowa. Na ɗaga hannu har ya gaji ba a ba ni dama ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ni dai ra'ayina kada mu ɗauko kowa. Mu yi adon teburanmu da hannunmu.

Mu fara da aljihu, tunda nan ne ciwon yake. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, duk wanda ke hawa mota daga Gwarzo ko Kabo zuwa birni ya san yadda lissafinsa ya rikice. Ga kuɗin buga furojet, ga na ɗinke shi, ga na cefane. Abin da za a yanka wa kowa don balan-balan kaɗai ya kusa kuɗin motata zuwa gida da dawowa. Kuma mun san halin junanmu: wanda ba shi da shi ba zai taɓa miƙewa a taro ya ce ba shi da shi ba. Shiru zai yi, ranar walima ya turo saƙo cewa uzuri ya taso masa. Mutumin da muka yi shekara biyu muna cin garau-garau kwano ɗaya da shi, a ce abin da za a fasa da tsinke kafin a tashi shi ne zai hana shi zama da mu a daren ƙarshe? Haba jama'a.

Ni ɗan Jama'a ne, a ƙaramar hukumar Gwarzo, kuma a can na ga abin da ya sa nake wannan magana. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, daren da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa a Abijan, ƙanena da abokansa suka kafa wani ɗan fili a kan teburin mai shayin da ke bakin gidan kallo. Tire ne suka cika da yashi, suka ja layuka da toka, suka yi gola biyu da karan dawa, 'yan wasa kuwa marafan kwalba. Da Troost-Ekong ya ci mana ta farko da ka, saura kaɗan a kifar da teburin don murna. Kessie ya farke, Haller ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Kowa ya fito jiki a sanyaye. Amma maimakon a watse, sai ga manya da gemunsu sun kewaye tiren yara suna ɗallin marfin kwalba, wai sai sun rama wa ƙasa. Har aka rufe shayi ana dariya. Kuɗin da yaran suka kashe bai sayi ƙulli ɗaya na gyaɗa ba.

To mu da muke taƙama da difloma fa? 'Yan sashen zanen gine-gine suna yanka kwali su tayar da bene hawa uku don neman maki. Filin ƙwallo kuwa ai shimfiɗa ce. Filin manyan wasanni mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Idan ka rage shi da ma'aunin 1 bisa 200, ka samu santimita 52 da rabi da kuma 34, wanda murfin kwalin taliya zai ɗauka. Gola mita 7.32 ce a faɗi, 2.44 a tsayi, wato faɗin ya ninka tsayin sau uku. A wancan ma'aunin za ta yi ƙanƙanta har ba a ganinta, don haka a yi mata ƙari, a dai riƙe uku da ɗayan: santimita 12 da 4 ya yi. A fere bawon kara, a soka shi cikin totuwar kamar yadda muke haɗa motar kara muna yara, ba sai an nemi gam ba. Raga kuma, buhun albasa na nan a wurin masu kayan miya, roƙa kawai za ka yi.

Ciyawar ce ta fi burge ni. Fenti kore yana da tsada, kuma yana wari kusa da abinci. A zuba ƙasa mai ɗan taki a tire, a watsa alkama ko gero da kauri, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana 7 zuwa 10 za ta fito kore shar, a daidaita kanta da almakashi, a ja layi da farin zare. Ƙwallon kuma a samu ƙwallon goruba a shafe shi da fari, a ɗiga baƙi. Wanda ke son ƙa'ida, tsohuwar tamaular nan mai baƙi da fari da aka buga kofin duniya na 1970 a Meziko da ita gida 32 gare ta, 12 baƙaƙe masu kusurwa biyar, 20 farare masu kusurwa shida. Ban ce sai ka zana duka a kan goruba ba, kada wani ya kwana yana ƙirga.

Sharaɗi ɗaya: kada adon ya wuce tsayin kofin shayi, don wanda ke baya ya ga allo. A kewaye shi da ƙoƙuna na gyaɗa da aya da dabino, a rufe da faifai mai launi.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a gefe: wai ƙauyanci ne, hoto ba zai yi kyau a Instagram ba. Malam, balan-balan ja da fari kowane bikin suna yana da shi. Hoton da za a tsaya a kalla shi ne wanda za a tambaye ka wa ya yi wannan. Ƙorafin da na yarda da shi shi ne na lokaci. Gaskiya ne jarrabawa na tafe, kuma aikin hannu yana cin yini. Amma idan kowane teburi na mutum takwas ya ɗauki nasa, yammaci biyu sun isa. Wani zai fito a karkace, na sani. Sai mu yi wa masu shi tsiya, ai wannan ma cikin walimar yake.

Akwai kuma 'yan uwanmu mata. Gidan kallo wurin maza ne, da yawansu ba su taɓa leƙa shi ba, kuma wannan ne karo ɗaya da za mu kalli wasa a zaure guda. Idan aka ɗauko 'yar kwangila, abin da ya rage musu biyan kuɗi da rabon lemo. Alhali mai iya zana lalle siriri a bayan hannu ta fi duk wani namijin ajinmu iya jan da'irar tsakiyar fili.

Sai roƙona na ƙarshe, wanda na san zai jawo mini surutu. A bar teburi ɗaya na Kano Pillars, da kore da ruwan ɗorawa. Cikinmu akwai wanda zai lissafa maka 'yan bencin Real Madrid har da lambar rigarsu, amma bai san Sai Masu Gida sun ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu ba, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ahmed Musa da ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya ƙara wa Iceland biyu a 2018, rigar Pillars ya sa kafin Turai ta san sunansa. Wannan teburin ni zan yi shi, kuma ba na neman gudummawar kowa sai ta zama.

Ina roƙon kwamiti ya mayar da maganar gaban taro a kaɗa ƙuri'a kafin a ba kowa kafin alƙalami. Idan an amince, zan taho da damin kara da goruba daga gida ƙarshen mako. Masu tire su fara nema tun yanzu, domin dole a watsa irin kwana goma kafin ranar wasa.